Ranar da Muka Kama Ɗan Sanda a Madinat Nasr

Duk shekara idan an yi hutun jami'a sai wasunku sun zo sun same ni a bakin ƙofar nan, su gaishe ni, su yi ta kewaye-kewaye, sannan su ce, "Baba Isiyaku, ko za a sama mana ɗan gadin nan? Ai zama ne kawai, mutum ya yi ta muraja'ar karatunsa." To ku ja benci ku zauna, in ba ku labarin zaman.

Ni ban tashi da niyyar gadi ba, ɗan sanda na so zama. An haife ni a wani ƙauye a bakin kogi a Sudan, inda kakana ya yada zango a hanyarsa ta zuwa Makka daga ƙasar Katsina, zangon da har ya rasu bai tashi ba. Da na isa shiga aiki na je wurin ɗaukar kurata, aka auna tsayina, aka auna ƙirjina, aka sa mu gudu na wuce kowa. Sai wani jami'i ya tambaye ni inda aka haifi kakana. Na faɗa masa. Ya ce in je Najeriya, can ake buƙatata. Bayan wasu shekaru na sami zuwa Najeriyar, na nemo danginmu, na shiga layi. Can kuma suka saurari Hausata suka ce wannan ai Balarabe ne, in kawo shaidar ƙaramar hukumar da na fito. Da na iso Masar ban ma wahalar da kaina ba. Wani maƙwabcina a unguwarmu ta Arba wa Nus ya ce a nan kai da ubanka da uwarka duk sai kun zama 'yan ƙasa, kuma za a leƙa har kakanni. Ya ce amma akwai kakin da ba a tambayar kakan kowa, shi ne na masu gadi.

Wanda ya koya mini aikin wani tsoho ne ɗan kudancin Masar, Ammu Sabir. Makon farko bai ba ni komai ba sai kujera, ita ma ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. Na ce bari in sa mata dutse. Ya ce shi ya yanke ta da kansa, don duk wanda ya yi gyangyaɗi ya ji a jikinsa. Da la'asar sai ya zo ya tsaya a kaina.

"Matar da ke hawa na uku ta fita?"

"Ta fita, ya Ammu."

"Da me a hannunta?"

"Jaka."

"Wace irin jaka? In ta kasuwa ce, za ta dawo. In mai zif ce kuma ba ta gaishe ka ba, gidan uwarta ta tafi. Ranar in mijin ya dawo kada ka tambaye shi lafiyar Madam."

Haka ya yi ta yi da ni har na gane rabin aikin gani ne, rabin kuma ƙin gani. Dole ka san motar kowa, da surukar kowa, da wanda yake fita da kwat yana cewa ofis za shi alhali gidan shayi yake wuni tun da aka sallame shi. Ka sani, kuma fuskarka kada ta nuna ka sani.

Kayan aiki ba su da yawa. Akwai usur, akwai kulki wanda ban taɓa dukan mutum da shi ba sai dai korar kuliyoyi daga kan motoci. Akwai madubi mai doguwar mariƙa na duba ƙarƙashin mota, wanda 'yan matan benen nan da nake gadi suka fi ni amfani da shi wajen gyara mayafi. Akwai rediyon oba-oba, wadda ba ta kamo muryar kowa sai ta direbobin tasi. Amma babban makami shi ne butar shayi. Mutumin da ka ba shayi ba ya iya yi maka ƙarya da kyau, sai ka ga yana kallon kofin.

Muguwar shekararmu ita ce ta juyin juya hali, 2011. An wayi gari babu ɗan sanda ko ɗaya a titi, ana ta jita-jitar 'yan daba suna tafe. Mazauna benen nan suka sauko da abin da kowa ya samu. Likitan hawa na biyu ya zo da ƙarfen labule, wani malamin lissafi ya zo da muciyar matarsa. Da yake ni kaɗai ke da kaki, suka naɗa ni kwamanda. Muka tare titi da tsofaffin tayoyi, kuma yawancin waɗanda muka tsare maƙwabtanmu ne da suka fita sayen burodi. Kwamandancin bai daɗe ba. Aka fara cewa baƙi ne suke hura wutar, sai mutanen da jiya suke ce mini "ya basha", wato ranka ya daɗe, suka fara tambayata daga wace ƙasa nake. Ɗalibai da yawa suka koma gida, ɗakuna suka zama kango, albashi ya riƙa zuwa lokacin da ya ga dama. Na yi watanni ina ninke kakina a leda, ba na sa shi sai na iso bakin aiki, don kada a tare ni a maikrobas, ƙaramar motar hayar nan.

Mai kamfaninmu, Hajj Magdi, shi kam shekarar ta yi masa kyau daga baya, don kowa ya tsorata, kowa yana neman mai gadi. Wata safiya ya sauko daga mota da wani dogon Bature mai furfura, jajir kamar an fito da shi daga tanda, ya ce, "Ishaƙ, ga Mista Kolin. Ɗan sandan Ingila ne. Ka koya masa aiki."

Kolin ya yi ritaya ne daga aikin ɗan sanda a garinsu, ya biyo matarsa Madam Hala, Bamisiriya ma'aikaciyar jinya, wadda ta dawo kula da mahaifiyarta. Larabcinsa bai wuce tamam da khalas da ma'alish ba, wato daidai ne, shi ke nan, yi haƙuri. Ni kuma ina da ɗan Turancin makaranta da wanda na tsinta a Najeriya, da shi muka rayu. A ranar farko ya ba ni labarin yadda ya ga 'yan sanda sun yi ƙaranci, ya goge takalminsa, ya ɗauki takardunsa da lambar yabonsa, ya tafi ofishin 'yan sanda ya ce ya zo taimakawa. Jami'in da ya tarar mutumin kirki ne, ya ba shi kujera, ya sa aka kawo shayi, ya tambaye shi mahaifinsa ɗan wace gunduma ne.

"Na ce masa Yokshaya," in ji Kolin. "Sai ya tambaye ni tana kudu ne ko kusa da Iskandariya."

Da jami'in ya gane, ya yi masa bayanin dokar 'yan ƙasa. Kolin ya ce masa abokan aikinsa da yawa sun yi ƙaura zuwa Ostiraliya da Kanada, kuma can an ba su kaki tun ba su gama kwance akwati ba. Jami'in ya ce to Allah ya ba Ostiraliya haƙuri, ya raka shi har bakin ƙofa. Da na ba Kolin nawa labarin, sai ya ce daga yau ni ne Saje. Shi ne muƙami ɗaya da na taɓa samu, kuma wanda ya ba ni shi ba shi da ikon ba kowa komai.

Hajj Magdi ba don aiki ya ɗauke shi ba, don talla ne. Ya sa shi aikin rana inda kowa zai gan shi, ya riƙa kawo masu gidaje suna wucewa a mota a hankali yana nuna shi yana cewa horon Ingila. Amma Kolin da gaske yake. Yakan iso kafin lokaci, ya ƙi zama, ya yi ta kai-komo da hannuwa a baya. Ya taɓa ƙoƙarin sa mutane su yi layi a gaban mai sayar da ful, dafaffen waken nan, har mai ful ɗin ya zo ya roƙe ni in janye shi, wai masu saye sun ɗauka rabon gwamnati ake yi, sun ƙi biya. Babbar matsalarmu ta farko kuwa shayi ce. Madam Su'ad ta hawa na huɗu, bazawara mai 'ya ɗaya wadda duk benen ke shakkar bakinta, ta aiko masa da shayi, ya mayar, ya ce jami'i ba ya karɓar kyauta a bakin aiki. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarmu. Na zaunar da shi na ce a garin nan mayar da shayi daidai yake da zagin iyaye. Ya fahimta, har ya wuce gona da iri. Duk wanda ya miƙo kofi sai ya shanye, ya koma rabin sintirinsa a hanyar bayan gida yake yi.

Ni ma na koya a wurinsa, kada ku ɗauka wawa ne. Shi ya nuna mini in mutum ya taso da fushi kada ka fuskance shi ƙirji da ƙirji, ka tsaya ta gefe, ka rage murya har sai ya rage tasa don ya ji ka. Ranar da malamin lissafin nan ya yanke jiki ya faɗi a matakala, mu duka salati muke yi, Kolin ne ya durƙusa yana danna masa ƙirji har motar asibiti ta iso. Malamin yana nan da ransa, yana bi ta gaban Kolin kullum yana gyara masa Larabci.

Aikin da ba zan manta ba ya faru ne a bazarar 2014. Wani saurayi mai wandon jins da baƙin tabarau ya yi kwanaki yana zuwa ya tsaya wajen ɗan shagon sigarin can, yana ɗaga kai yana kallon barandar hawa na huɗu. Ni na sa shi cikin waɗanda ba a gani, don ɓarawo ba ya fesa turare haka. Na ce wa Kolin ya ƙyale shi. Ya ce tamam. Na tafi sallar la'asar a masallacin ƙasan benen da ke kusa.

Ina dawowa na tarar da taro a bakin ɗakin gadinmu. Na kutsa. Ga saurayin nan kife a kan tebur, hannunsa murɗe a baya, tabarau a ƙasa, Kolin riƙe da shi da hannu ɗaya. Ashe ya ƙetaro ya shigo harabar yana leƙen akwatunan wasiƙa, Kolin ya tambaye shi, saurayin ya ture shi, rigarsa ta ɗage, sai ga bindiga a ƙugunsa. A kan kujerata, an ajiye ta a tsanake, ga ƙaramar bindiga irin ta gwamnati.

 A lokacin ko hoton gada baƙo ya ɗauka sai ya yi bayani, ga shi mu baƙi biyu mun kife jami'i mun ƙwace masa bindiga. Iƙamata ma, wato takardar izinin zamana, tana wurin sabuntawa. Na ga kaina a mota ana mayar da ni ƙasar da ita ma ba ta tabbatar ni nata ba ne, iyalina suna Arba wa Nus ba su san inda nake ba.

Saurayin ya juyo da fuska daga kan teburin ya ce da Larabci, "Gaya wa wannan jakin ni mulazim ne, hafsan 'yan sanda. Yau ku biyun a bayan kanta za ku kwana."

"Me ya ce, Saje?" in ji Kolin.

"Ya ce ya yaba da ƙwarewarka, yana roƙon ka ɗan sassauta."

"Gaya masa yana da 'yancin yin shiru, kuma duk abin da ya faɗa za a iya kawo shi a gaban kotu."

Na juya na ce, "Ya basha, ya ce ka yi masa afuwa, ya ga kamar za ka faɗi ne shi ya sa ya riƙe ka."

"Ya ce zai kai ni kotu," in ji mulazim ɗin. Sannan ya juya harshe zuwa Turanci mai kyau, wanda ya fi nawa nesa ba kusa ba. "Kai tsoho, daina fassarar nan, ina jin ku duka. Kai kuma, katina yana aljihun baya."

Kolin ya zaro katin ya miƙo mini. Na karanta, na gyaɗa kai. Nan take Kolin ya sake shi, ya kakkaɓe masa riga, ya ɗauko bindigar ya miƙa masa ta mariƙa, ya ƙame ya sara masa. Na ɗauka zai ba da haƙuri. Sai na ji ya ce, "Ranka ya daɗe, me ya hana ka nuna katin tun farko? Kuma wane bincike kake yi a kan hawa na huɗu? In akwai haɗari ga mazauna, ya kamata mu sani."

Mulazim ya mayar da bindigarsa ƙugu. Kunnuwansa suka yi ja, har suka kusa kamo na Kolin. Kafin ya samo amsa taron ya dare, sai ga Madam Su'ad da silifas na ɗaki, 'yarta Nurhan tana bayanta tana rufe fuska da mayafi.

"Shi ne?" ta tambayi 'yar. Yarinyar ta gyaɗa kai.

Ashe sun san juna tun tana jami'a, aure yake so, ƙarfin halin hawa benen ne ya rasa. Kuma akwai abin da ke cinsa. Wani ya gaya masa kakar yarinyar Baturkiya ce ko 'yar Sham, shi kuma jami'in ɗan sanda ba a barinsa ya auri baƙuwa, yana tsoron binciken ya taɓa aikinsa. Shi ya sa yake leƙen sunaye a akwatunan wasiƙa. Ya faɗi wannan a hankali, yana kallon ƙasa, amma a unguwar nan ta Madinat Nasr babu maganar da ake faɗa a hankali, sai da ta kai bakin titi ta dawo.

Madam Su'ad ta riƙe ƙugu. "Uwata 'yar Tanta ce a nan Masar, uwarta ma 'yar Tanta ce. Farinta na rashin shiga rana ne. Kai kuma ka yi kwanaki kana kallon barandata a gaban unguwa. Ranar Alhamis ka zo da mahaifinka ta ƙofa kamar ɗan mutane. In ba haka ba ni da kaina zan je wurin shugabanka in gaya masa tsoho mai furfura ya kife ka da hannu ɗaya."

Ta juya ta hau, ta bar shi tsaye. Ya ɗauki tabaransa, ya dube mu.

"Abin da ya faru a nan," ya fara.

"Me ya faru, ya basha? Na wanke dandamali ne, santsi ya ɗebe ka, muka tare ka."

Ya dubi Kolin. Na san Kolin, bai iya ƙarya ba, kuma tuni na ga hannunsa ya nufi aljihun da yake ajiye biro don ya rubuta rahoto. Na taka masa ƙafa da duk nauyina. Ya tattaro Larabcinsa gaba ɗaya ya ce, "Ma'alish. Khalas. Tamam."

An yi bikin bayan babbar sallah. Mu muka tsare ƙofa, kuma dangin ango daga ƙauye suka ja Kolin cikin fili suka ba shi sanda ya yi rawa. Angon yakan gaishe mu da mutunci in ya kawo matarsa ganin gida, sai dai daga ɗan nesa.

A 2015 Hajj Magdi ya zo da fuska a murtuke, ya ce doka ta fito a kan kamfanonin tsaro, dole ma'aikatansu su zama 'yan ƙasa. Tambayar da na guje wa shekara da shekaru ta biyo ni har kan kujerata. Ya karɓi kakinmu, da usur, da oba-oba. Kolin ya ninke nasa da kyau kamar zai sa a kabari.

Madam Su'ad ce ta tara mazauna. Ta ce dokar ta yi maganar masu gadi ne, ba ta ce komai ba a kan bawwab, wato mai zaman ƙofa da ake aika kasuwa, kuma benen nan ya isa ya riƙe bawwab biyu. Babu wanda ya yi gardama, don babu mai iyawa. Shi ya sa kuka gan ni da jallabiya. Tawa daga gida na ɗauko. Ta Kolin a kasuwa aka sayo, ba a sami tsayinsa ba, ta tsaya masa a ƙwauri, baƙaƙen safa da gogaggen takalmi a waje. To wannan shi ne aikin da ya rage wa irinmu, in har kuna so, kuma akwai wankin matakala a ciki.

Ranar farko kwando ya sauko da igiya daga hawa na huɗu, muryarta ta biyo shi, tumatir take so da albasa. Na raka Kolin kasuwa don kada a cuce shi. A dawowa muka iso babban titin nan da ku kanku kuke karanta duk addu'ar da kuka haddace kafin ku ƙetare. Kolin ya miƙo mini ledar, ya taka tsakiyar titi, ya ɗaga tafin hannu ɗaya sama, ɗayan ya miƙe shi gefe. Direbobin maikrobas, waɗanda ba sa tsaya wa jana'iza, suka taka birki. Ina jin mamaki ne ya tsayar da su. Tsofaffi da 'yan makaranta suka bi bayanmu muka ƙetare kamar masu ɗawafi.

Akwai wani kurtun ɗan sanda mai ba da hannu a mahaɗar, ɗan ƙauye da aka turo bautar ƙasa, yana tsaye yana kallo. Washegari muka tarar da shi yana gwada irin ɗagin hannun, motoci suna wucewa ta gefensa kamar ba ya nan. Kolin ya je ya ɗaga masa gwiwar hannu, ya miƙar masa da kafaɗa, ya nuna masa ya kalli direba cikin ido. Wata tasi ta tsaya. Kurtun ya yi murna har ya manta ya sallame ta. Tun daga ranar, duk safiya a hanyar kasuwa sai Kolin ya tsaya ya ba shi darasi, kuma da aka canza shi, shi da kansa ya kawo wanda ya gaje shi ya gabatar.

Iyakar shigarmu aikin ɗan sanda ke nan, ni da shi. Kuma ko a nan ɗin, ni riƙon tumatir ne nawa.